Yadda Ake Saita RAM ɗin Kwamfuta Domin Wasanni Su Tafi Daidai

A gidajen 'yan'uwanmu da dama, a Ingila ne ko Amurka ko Saudiyya, kwamfutar da ta fi kowace tsada ita ce wadda aka saya wa yara domin wasa. Sai dai sau da yawa za ka tarar an kashe kuɗi an sayi RAM mai sauri, amma kwamfutar tana tafiyar da shi ƙasa da saurin da aka rubuta a jikin kwalinsa, har shekara ta zagayo ba wanda ya lura. Wani gidan kuma akasin haka ne: yaro ya kalli bidiyo, ya shiga ya murɗa abin da bai sani ba, kwamfuta ta fara mutuwa a tsakiyar aiki, har da aikin makaranta. Wannan bayani zai taimaka wa mai karatu ya gane abin da ya kamata a taɓa, da abin da ya fi kyau a ƙyale.

Mene ne RAM?

RAM ita ce ma'adanar wucin-gadi ta kwamfuta. A ɗauki misalin mai shago: kayansa suna jibge a sito, amma waɗanda yake ciniki da su a yanzu suna kan tebur a gabansa. Babbar ma'adanar kwamfuta, wato SSD ko tsohon faifai mai juyawa, ita ce siton. RAM kuma ita ce teburin. Duk wasan da aka buɗe, sai an ɗebo bayanansa daga sito an baje su a kan tebur kafin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya yi aiki da su. Da zarar an kashe wuta, duk abin da ke kan teburin ya goge.

Irin wadda ake amfani da ita a yau, Robert Dennard na kamfanin IBM ne ya ƙirƙiro ta a 1966. Kowane ɗigon bayani yana zaune ne a wani ɗan mitsitsin gurbi mai riƙe caji, cajin nan kuwa yoyo yake yi, don haka dole a riƙa sabunta shi sau da yawa a cikin kowace daƙiƙa. A riƙe wannan batu na yoyo, domin zai dawo idan muka zo maganar zafi.

Akwai zuriya-zuriya. DDR3 ta fito a 2007, DDR4 a 2014, DDR5 kuma ta shiga kasuwa a ƙarshen 2021. Ba sa shiga gurbin juna. DDR4 da DDR5 na kwamfutar tebur duk suna da haƙora 288, amma tsagar da ke tsakiyarsu ba wuri ɗaya take ba, saboda haka wanda ya ga sanda ta ƙi shiga, kada ya danna da ƙarfi. Wanda zai saya wa wani ɗan'uwa a gida ya aika masa, ya fara tambayar wace iri babban allon kwamfutarsa, wanda masu gyara ke kira madabod, yake karɓa.

Yawa kafin sauri

Babu wani saiti da zai maye gurbin RAM ɗin da bai isa ba. Idan tebur ya cika, Windows kan fara mayar da kaya sito tana sake ɗebowa, a nan ne wasa yake fara in'ina, ya tafi ya cije, ya tafi ya cije. Gigabait 8 ya yi kaɗan ga sababbin manyan wasanni. Wasan Starfield na 2023 bai yarda da ƙasa da 16 ba, Microsoft Flight Simulator 2024 kuma 16 ne mafi ƙarancinsa, ya kuma ba da shawarar 32. A ganinmu 16 ya wadatar ga yawancin gidaje, 32 kuma ga wanda yake buɗe wasa da manhajar hira da shafukan intanet duk a lokaci guda. Daga ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi saboda yadda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suka yi ta saye, wannan ma wani dalili ne na a fara cin moriyar wanda ake da shi kafin a tafi kasuwa.

Hanyar dubawa mai sauƙi ce. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, a shiga Performance, sannan Memory. A nan za a ga yawan RAM, da nawa ake amfani da shi, da saurinsa, da adadin gurabun da aka cika. A bar shi a buɗe a yi wasa na ɗan lokaci. Idan ma'aunin yana kaiwa kusan ƙarshe, matsalar ta yawa ce, ba ta saiti ba.

Sanda biyu, kuma a gurbin da ya dace

Furosesan kwamfutar gida yana da hanyoyi biyu na magana da RAM. Idan sanda ɗaya aka saka, hanya ɗaya ce ke aiki, ɗayar tana zaman banza. Sandar DDR4-3200 guda tana iya wuce da gigabait 25.6 a daƙiƙa. Biyu a hanyoyi daban-daban suna kai wa 51.2. Shi ya sa sanda biyu masu gigabait 8 suka fi sanda ɗaya mai 16, duk da cewa jimillar ɗaya ce. Bambancin ya fi fitowa fili a kwamfutar da ba ta da katin hoto na daban, domin ita daga cikin RAM ɗin take yankar wurin sarrafa hotunan wasa.

A madabod mai gurabu huɗu, kuskuren da aka fi yi shi ne jera sandunan biyu kusa da juna. Yawancin alluna suna so ne a saka su a gurbi na biyu da na huɗu idan aka fara ƙirga daga wajen furosesa, waɗanda ake rubuta wa A2 da B2. Littafin da ya zo da allon zai tabbatar da haka. Kafin a taɓa komai a cire wayar wuta daga bango, a taɓa ƙarfen akwatin kwamfutar da hannu don a sauke cajin jiki, a riƙe sandar ta gefe-gefe, a danna har sai maƙallin ya yi ƙas.

Cika gurabu huɗu yana da kyan gani, amma nauyi ne a kan furosesa, musamman a DDR5. Kamfanin AMD ya rubuta wa furosesoshinsa na Ryzen 7000 saurin 5200 idan sanda biyu ce, amma 3600 kacal idan huɗu ce. Haka nan haɗa tsohuwar sanda da sabuwa: ko da suna ɗaya ne a jikin kwali, ƙwayoyin da ke ciki suna iya zama na Samsung a wannan, na SK Hynix ko Micron a wancan. Wani lokaci su zauna lafiya, wani lokaci a yi ta fama. Sandunan da aka sayar tare a kwali ɗaya su ne aka gwada tare.

XMP da EXPO

Nan ne zuciyar maganar. Akwai wata ƙungiyar masana'antu mai suna JEDEC da ke tsara ma'aunin da kowace RAM za ta bi domin ta yi aiki a kowace kwamfuta. Ma'aunin nan na lallaɓawa ne. Da shi kwamfuta take tashi a karon farko, shi ya sa sandar da aka rubuta wa 3600 za ka gan ta tana tafiya a 2133 ko 2400, wadda aka rubuta wa 6000 kuma tana tafiya a 4800. Ba cuta aka yi wa mai saye ba. Saurin da ke jikin kwali yana nan a rubuce cikin wata 'yar ƙaramar ƙwaya a jikin sandar, amma sai an umarci madabod ya karanta shi.

Kamfanin Intel ne ya fito da wannan tsari a 2007, ya sa masa suna XMP. Zubi na uku ya zo tare da DDR5 a 2021. AMD ya fito da nasa mai suna EXPO a 2022. A tsofaffin allunan AMD masu DDR4 kuma, kamfanin ASUS yana kiran abin DOCP, MSI kuma A-XMP. Suna ne ya bambanta, aikin ɗaya ne: da dannawa guda a saita sauri, da lokutan jira, da ƙarfin lantarki.

Ana kunna shi ne a cikin BIOS, wato shafin saitin madabod da ke zuwa kafin Windows. A sake kunna kwamfuta, a yi ta danna Del ko F2 tun kafin tambarin Windows ya bayyana. A yawancin alluna maɓallin XMP ko EXPO yana shafin farko. Idan ba a gan shi ba, a ASUS a duba Ai Tweaker, a Gigabyte a duba Tweaker, a ASRock kuma OC Tweaker. A zaɓi tsari na ɗaya, a danna F10 a adana. Kafin a canza komai, a ɗauki hoton shafin da waya, domin a san inda aka taso.

Bayan an adana, kwamfutar tana iya yin shiru da baƙar fuska, fanka na juyawa, ko ta mutu ta tashi sau biyu ko uku. A DDR5 wannan yakan ɗauki mintuna. Madabod ne yake gwada siginar da ke tsakanin furosesa da RAM har su daidaita. Kada a zare wuta. Idan Windows ta tashi, a koma Task Manager a ga ko lambar ta canza. Wanda ya duba da manhajar CPU-Z zai ga rabin lambar, misali 1800 maimakon 3600, kada hankalinsa ya tashi: DDR tana aika bayani sau biyu ne a kowane bugu, manhajar kuma bugun take ƙirgawa.

Abu biyu ya kamata iyaye su sani tun da su suka biya kuɗin. Na farko, a wajen Intel da AMD, kunna XMP ko EXPO tura na'ura ne sama da ma'aunin da suka yi alkawari, kuma sharuɗɗan garantinsu sun faɗi haka, ko da yake abu ne da masu wasa suke yi kullum. Na biyu, ba kowace kwamfuta ce ke da maɓallin ba. Kwamfutocin ofis da aka saya a haɗe sukan zo da BIOS a kulle, haka ma allunan Intel masu araha irin H610 ba sa barin a wuce saurin da furosesa ya zo da shi. Yawancin laftof ma haka suke, wasunsu ma RAM ɗin a like yake da allo. Na'urorin wasa irin PlayStation da Xbox kuwa ba su cikin wannan magana gaba ɗaya.

Lambobin da ke jikin kwali

Bayan lambar sauri akwai wasu jerin lambobi kamar 16-18-18-38. Waɗannan lokutan jira ne. Ta farko, wadda ake rubutawa CL, ita ce yawan bugun da RAM ke jira tsakanin a tambaye ta bayani da ta fara miƙo shi. A nan ƙaramar lamba ce ta fi. Amma ba a kwatanta CL ita kaɗai, domin bugun DDR5 ya fi na DDR4 gajarta. Lissafin shi ne a ninka CL da 2000, a raba da lambar sauri, abin da ya fito shi ne jiran a nanosakan, wato kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa.

DDR4-3200 mai CL16 tana ba da 10. DDR4-3600 mai CL18 ita ma 10. DDR5-6000 mai CL30 har ila yau 10, mai CL36 kuma 12. Ita kuwa DDR5-4800 mai CL40, wadda kwamfuta ke tashi da irinta idan ba a kunna komai ba, tana kusan 17. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya hana mai shago ya ruɗe ka da babbar lamba.

Akwai kuma batun daidaito tsakanin RAM da furosesa. A Ryzen 3000 da 5000, hanyar da ke haɗa sassan furosesa tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da RAM har zuwa wajen 3600. Idan aka zarce da yawa sai daidaiton ya karye, a samu babbar lamba da ƙarin jinkiri. A Ryzen 7000, AMD da kansa ya nuna 6000 a matsayin inda aka fi samun riba. Furosesoshin Intel na baya-bayan nan sukan ɗauki fiye da haka. Su kuwa masu X3D a ƙarshen sunansu, irin 5800X3D na 2022, suna da babbar ma'adana a cikin jikinsu, don haka saurin RAM bai cika damunsu ba.

Me za a samu a wasa? Ya danganta. Idan katin hoto ne ya gaji, kamar a babban sikirin mai 4K, da ƙyar a ga bambanci. Idan kuwa wasan na harbi ne ko na gasa ta intanet inda ake neman hotuna da yawa a daƙiƙa, ribar takan fito, kuma an fi jin ta a raguwar cijewar nan fiye da a matsakaicin lissafi. Akwai masu zama su rage lokutan jira ɗaya bayan ɗaya da hannu, su kwana suna gwaji. Sha'awa ce mai kyau ga wanda ke da kwamfutar kansa. A kwamfutar da uwa ke cike takardun ofis da ita, yara ke aikin makaranta, ribar ba ta kai haɗarin ba.

Ƙarfin lantarki

A ma'aunin JEDEC, DDR4 tana cin bolt 1.2, DDR5 kuma 1.1. Tsarin XMP yakan ɗaga DDR4 zuwa 1.35, DDR5 kuma tsakanin 1.25 da 1.4. Abin da aka rubuta a takardar jikin sanda shi ne iyakar mai koyo.

Wannan ba tsoratarwa ba ce kawai. A watan Afrilun 2023 an samu rahotannin furosesoshin Ryzen 7000, musamman masu X3D, da suka ƙone a cikin allunansu. An danganta abin da yawan lantarkin da wasu alluna ke tura wa sashen da ake kira SoC, wanda yakan tashi idan an kunna EXPO. AMD ya fitar da gyara da ya tsayar da shi a bolt 1.3. Duk wanda ke da allon AM5 da aka saya tun wancan lokaci kuma ba a taɓa sabunta BIOS ɗinsa ba, ya sabunta kafin ya kunna EXPO. Idan Windows ɗin tana da kullen BitLocker, a nemo lambobin buɗewa 48 a rubuta a takarda tukuna, domin sauyin BIOS yakan sa kwamfuta ta tambaye su. Galibi suna cikin asusun Microsoft na mai kwamfutar.

Gwaji

Tashin Windows ba shaida ba ce cewa komai lafiya. RAM mara daidaito takan yi kuskure jefi-jefi: yau wasa ya rufe kansa, gobe shafin intanet ya mutu, jibi a ga shuɗiyar fuskar nan, wadda ta koma baƙa a Windows 11 tun 2025, ɗauke da saƙo irin MEMORY_MANAGEMENT ko IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL. Mafi muni shi ne kuskuren da ba a gani, inda fayil ke lalacewa a lokacin adanawa, sai ranar da aka buɗe shi a tarar ya ɓaci. DDR5 tana da ɗan gyaran kuskure a cikin ƙwayoyinta, amma bai shafi abin da ya lalace a hanya tsakaninta da furosesa ba.

Windows tana da nata magwajin: a rubuta mdsched a wurin bincike, a yarda ta sake tashi. Wannan na sharar fage ne. Wanda ya fi shi shi ne MemTest86, ko ɗan'uwansa Memtest86+, duka ana samunsu kyauta. Ana ɗora shi a filash, a tayar da kwamfuta daga filash ɗin, a bar shi ya yi zagaye huɗu. Ya fi sauƙi a kunna da dare a duba da safe. Kuskure ɗaya tak ya isa a ce saitin bai zauna ba. Bayan nan a gwada a cikin Windows da OCCT ko TestMem5, sannan a yi wasa na sa'o'i biyu ko uku.

Wasan yana da muhimmanci saboda zafi. Katin hoto yana hura iska mai zafi a cikin akwati, kusa da RAM, zafi kuma yana ƙara saurin yoyon cajin da muka ambata a baya. Saitin da ya ci jarrabawa a ɗaki mai sanyi a watan Janairu yana iya faɗuwa a watan Yuli. Mazauna Jidda da Injamena da sauran garuruwa masu zafi su yi gwajinsu a yanayin da ake wasan da gaske, kuma kada a cusa akwatin a lungun da iska ba ta shiga. Busa ƙurar da ta toshe fankoki kawai yakan kawar da matsalar da aka yi ta ɗora wa RAM.

Idan an samu kuskure, a fara da mayar da BIOS yadda ya zo, a sake gwadawa. In har kuskuren yana nan ba tare da XMP ba, wata sanda ce ta lalace. A gwada su ɗaya-ɗaya a gano ta, a mayar, domin yawancin kamfanonin RAM suna ba da dogon garanti. In kuwa sai da XMP yake fitowa, a sabunta BIOS, a tabbatar sandunan suna A2 da B2 kuma sun zauna sosai. Idan bai bari ba, a bar XMP a kunne amma a sauke saurin mataki ɗaya da hannu: daga 3600 zuwa 3400 ko 3200, daga 6400 zuwa 6000, daga 6000 zuwa 5600. Sauri kan haifi nawa a wannan fage, kuma bambancin mataki ɗaya ba abu ne da ido zai gani a wasa ba. Kowane lokaci abu ɗaya ake canzawa, a rubuta, a gwada.

Idan kwamfuta ta ƙi tashi sam, ba ta mutu ba. A cire wuta, a danna maɓallin Clear CMOS idan allon yana da shi, ko a zare ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, a jira minti biyar a mayar. BIOS zai koma yadda ya fito daga masana'anta, sai a sake gyara agogo.

A ɓangaren Windows

Akwai wani fayil mai suna pagefile.sys, wanda Windows ke amfani da shi a matsayin ƙarin tebur a cikin sito. Tsohuwar shawara ce a kashe shi wai don a ƙara sauri, har yanzu kuma tana yawo. Kada a bi ta. Wasu wasannin sukan rufe kansu idan babu shi, ko da RAM bai cika ba. A bar Windows ta riƙa tsara girmansa da kanta, a tabbatar yana kan SSD, a kuma bar wa SSD ɗin fili. Manhajojin da ke iƙirarin wanke RAM ma ba su da amfani. Abin da suke korewa, Windows za ta sake ɗebo shi daga sito. Abin da ya fi su shi ne a shiga sashen Startup na Task Manager a kashe manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta ba tare da an gayyace su ba, sannan a rufe shafukan intanet kafin a buɗe wasa.